A buɗe wa ƙungiyoyin matasan unguwa filayen makarantu a Kaduna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah Ya ƙara basira Ya kuma kare ku. Dan Allah a ɗan sammun fili in yi magana akan ƙananan ƙungiyoyin sa kai da muke dasu a unguwannin Kaduna, waɗanda suke kula da matasa da lafiyar jama'a ba tare da kowa yana biyan su ko sisi ba. Ni ɗan ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyin ne anan Tudun Wada, bazan kama sunanta ba don ba talla nazo yi ba, kuma matsalar da zan faɗa ba tamu bace mu kaɗai, ka je Rigasa ka je Badarawa ka je Unguwar Sanusi ko Kawo, ka tsallaka gada ka je Kakuri da Narayi da Sabon Tasha, duk kukan ɗaya ne. Bamu da wurin da zamu tara yara, alhali ga filayen makarantun gwamnati nan a kulle daga an tashi har washegari.

Bari in fara faɗin abinda irin ƙungiyar tamu take yi don wanda bai sani ba ya sani. Mu dai mutanen unguwa ne, akwai tela akwai direba akwai malamin makaranta akwai nas, harda 'yan fansho, kowa yana kawo abinda ya sawwaƙa duk wata, wani ɗari biyar wani dubu ɗaya wani kuma bashi da kuɗin amma yana da lokaci sai ya bada lokacin. Da wannan ɗan abin muke siyan ƙwallo da raga da alli da littattafai, muna yi wa yara darasin yamma na karatu da lissafi, muna da kulob ɗin ƙwallo na ƙanana da na samari, muna kai waɗanda suka bar makaranta wurin oga su koyi sana'a, lokaci zuwa lokaci mu yi wa iyaye awon hawan jini kyauta, in damina ta kusa kuma mu fito gayya mu yashe kwatoci. Shikenan aikin namu, ba wani abu bane mai girma a ido, amma duk wanda ya zauna a unguwa ya san abinda yake faruwa da yaro tsakanin la'asar da isha'i idan babu wanda ya riƙe shi.

Mu da muka taso a garin nan mun san yadda yake a da. Masaƙar KTL da aka kafa a Kakuri tun 1957 zamanin Sardauna, da Arewa Textiles da UNTL da sauransu, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot ga matatar mai, saurayi yana gama sakandare ko ma bai gama ba yana da inda zai dosa, da asuba zaka ga kekuna da motocin ma'aikata sun cika hanya. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ma ta rufe a 2007, dubban magidanta suka dawo gida zaune, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu. 'Ya'yan waɗannan mutanen da jikokinsu sune yau suke zaune a majalisa da gidajen kallon ƙwallo suna buga caca ta waya, kuma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, uba yana fita tun safe neman abinda za'a ci, uwa tana fama da ɗan ƙulle-ƙullenta, waye zai bi sawun yaro? Bana zargin iyaye wallahi, na san halin da ake ciki.

To a wannan giɓin ne ƙwaya take shigowa. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya tayi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma mu da muke cikin lungu mun san ba'a daina ba, an dai canza salo ne, ga tiramol ga wiwi ga sholisho ga wasu haɗe-haɗen da kullum sabon suna ake basu. Daga nan sai sara-suka da ƙwacen waya, yaro ɗan shekara sha biyar da wuƙa a ƙugu. NDLEA suna kamawa, 'yan sanda suna kamawa, 'yan sintiri suna iya ƙoƙarinsu, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa yana karɓar waɗanda abin ya taɓa, amma duk wannan bayan ɓarna ta auku ne. Aikin da yake zuwa kafin ɓarna shine namu, kuma wannan aikin fili yake buƙata.

Mutane suna raina ƙwallo, suna ganin wasa ne kawai, ni kuma nace duk wanda ya taɓa riƙe yara ya san ba abinda yake jawo su kamar ta. Ka kira taron wa'azi akan shaye-shaye, waɗanda zasu zo sune waɗanda dama basa sha. Amma ka ajiye ƙwallo a fili ka busa usur, wanda kake nema ɗin da ƙafarsa zai zo. In yazo sai koci ya kafa masa sharaɗi, ba'a shiga tirenin a buge, ba'a zuwa da makami, wanda bai je makaranta ko shagon oga ba yau benci zai zauna ranar wasa, kuma wallahi yaron da baya jin maganar ubansa zaka ga yana rawar jiki kada koci ya cire shi daga tim. A nan ne ake gane wanda ya fara canzawa, idonsa ya fara ja, ya fara rama, ya daina zuwa akan lokaci, sai a je gida a zauna da iyayensa tun abin bai yi nisa ba. Ana gama tirenin a yi sallar magariba tare, yaro ya koma gida a gajiye yayi wanka ya ci abinci ya kwanta, bashi da sauran ƙarfin yawon dare.

Kuma Kaduna ba baƙuwar wannan harka bace. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da Najeriya ta ci Ajantina uku da biyu ta ɗauko zinare, biyu daga cikin ƙwallayen nan Celestine Babayaro da Daniel Amokachi ne suka ci, dukkansu haifaffun Kaduna, ga Tijjani Babangida ga Garba Lawal a cikin tawagar, suma 'yan garin nan. Amokachi a Ranchers Bees ya fito. Sadiq Umar da ya ciyo tagulla a Rio a 2016 shima ɗan Kaduna ne. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009. Waɗannan mutanen ba'a kan kafet suka fara ba, a filayen ƙasa na unguwa da na makarantun firamare suka fara, ƙafa ba takalmi. Bance kowane yaro zai zama Amokachi ba, mu a wurinmu in yaro ya kai shekara ashirin da hankalinsa da lafiyarsa da sana'a a hannu to mun ci riba.

Yanzu ina filayen? Wanda muka yi wasa a ciki muna yara wasu sun zama shaguna, wasu filaza, wasu gidan mai, wasu an yanka su fuloti an gine. Unguwa kamar Tudun Wada ko Unguwar Sanusi gida ne manne da gida, Rigasa kuwa duk girmanta da yawan jama'arta ka zagaya ka ƙirga filin da yaro zai shiga kyauta ka gani. Dandalin Murtala yana nan an gyara shi yayi kyau, amma yaron da yake can cikin Rigasa ko Hayin Banki nawa zai kashe a Keke Napep zuwa da dawowa kullum? Sababbin filaye masu kafet da 'yan kasuwa suke buɗewa kuma kuɗi ake biya na awa, Allah Ya sa musu albarka sana'a suke yi, amma ba na ɗan talaka bane. Sai ka ga yara suna buga ƙwallo a tsakiyar titi suna kaucewa babura, ko a gefen layin dogo, ko a bakin kogi inda ba babba ko ɗaya.

Abinda ya rage a kowace unguwa shine makarantar gwamnati, tana da fili tana da azuzuwa, kuma da yawa yanzu an zagaye su da katanga an saka get. Ni ban ga laifin katangar ba ko kaɗan, duk wanda ya tuna satar ɗaliban da aka yi a kwalejin gandun daji ta Afaka da jami'ar Greenfield da makarantar Bethel Baptist a 2021, da kuma Kuriga a watan Maris na 2024, bazai ce kada a tsare makaranta ba. Haka kuma na san dalilin da yasa hedimastoci suke tsoro, an sha cire tagogi da ƙofofi da fankoki, an sha mayar da aji wurin shaye-shaye da bahaya, in abu ya ɓace shi za'a tuhuma. Mun je wata makaranta neman izini, shugaban ya karɓe mu hannu biyu ya kuma ce yana son abin, amma yace bashi da takardar da zata kare shi in wani abu ya faru, mu je sama. Muka je ofis aka ce mu rubuto, muka rubuta, har yau shiru. Bana ganin mugunta ce, tsari ne kawai babu, kowa yana tsoron ya sa hannu akan abinda ba'a taɓa rubuta ƙa'idarsa ba.

Shi yasa nake roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar SUBEB mai kula da makarantun firamare da shugabannin ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, a fitar da tsari a rubuce, takarda ɗaya ma ta isa. Ƙungiyar da take son amfani da makaranta ta kawo sunayen shugabanninta, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu ya tsaya mata, limami ko fasto ya shaida, kwamitin makaranta na SBMC ya amince, a rubuta daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, in makarantar tana da 'yan rana a bari sai sun tashi ko a bada Asabar da Lahadi da lokacin hutu. A rubuta cewa duk abinda ya lalace a lokacinmu mu zamu gyara, mu share fili mu cire ciyawa, mu ɗan taimaka wa maigadi, in muka saɓa a ƙwace izinin. Makarantar da mutanen unguwa suke shiga kullum da yamma ta fi wadda aka bari ba kowa tsaro, don ɓarawon taga baya zuwa inda idanu suke, kuma yaron da yake wasa a filin shi zai fara hana wani ya ɓata wurin.

Ba ƙwallo kaɗai ba. Abinda yafi damuna ma shine 'yan mata da iyaye mata, don su namiji ko a titi zai buga, su kuwa ba inda zasu je. Makaranta mai katanga ita ce wurin da uba zai yarda 'yarsa ta je, ita ce wurin da matan aure zasu iya zagaya fili da hijabinsu da safe ranar Asabar ba mai kallon su. Hukumar lafiya ta duniya tace babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, yaro kuma awa ɗaya kullum, gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan. Mu kuwa ga gishiri ga dunƙulen magi ga yajin tsire ga lemon kwalba, ga zama wuri ɗaya. Duk ranar da 'yan uwanmu ma'aikatan jinya suka zo awo sai an samu wadda jininta ya hau sosai bata sani ba, tana ta shan maganin ciwon kai daga kemis tana cewa gajiya ce ko tunani, wasu sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye sannan a fara cewa iska ce ko jifa. Mu bama bada magani, ba aikinmu bane, muna awo ne mu rubuta a takarda mu tura mutum asibitin sha ka tafi na mazaɓarsa, in abin yayi tsanani Yusuf Ɗantsoho ko Barau Dikko, sannan wani daga cikinmu ya bi sawu ya ji ko an je. Yanzu a ƙarƙashin rumfar wani bawan Allah muke yi a bakin titi, mace ta miƙa hannu a auna ta mutane suna wucewa suna kallo, da yawa saboda kunya basa zuwa. Aji ɗaya da benci ya ishe mu.

Maganar sana'a kuwa Allah Ya saka wa iyayen gidanmu na Panteka da alheri. Wannan kasuwa ta horar da masu walda da kafintoci da masu gyaran inji da masu ƙera tukwane da ba wanda ya san adadinsu, tun kafin a fara maganar koyar da sana'a a rediyo. In muka kai yaro oga baya tambayar takardar makaranta, cewa yake waye zai tsaya masa, sai muce mu ne, mu ɗauki nauyin kuɗin motarsa na watannin farko don a nan ne yawanci suke gudu, yaro yana son zuwa amma ba kuɗin mota ba na abincin rana. Haka masu gyaran waya da teloli da masu wayarin da haɗa sola. Irin wannan haɗin gwiwa shi yake aiki, don yaron yana hannun mutum shekara biyu ko uku ana ganinsa kullum.

A nan zan yi kira ga 'yan siyasarmu da masu hali, da girmamawa nake faɗa. Rabon keken ɗinki da injin markaɗe na rana ɗaya alheri ne, amma in wanda aka ba bai iya ɗinki ba, sati baya zagayowa keken yana kasuwa an sayar don yunwa. Kuɗin da aka kashe a kanofi da kujeru da masu hoto a wannan ranar zai iya biyan kuɗin motar yara da dama na shekara guda zuwa wurin oga. Ku tambayi ƙungiyoyin unguwa, su suka san wace yarinya ce ta gama koyo take jiran keke, wane yaro ne ya iya walda yake neman injin. Manyan ƙungiyoyi masu samun tallafi daga waje suma dan Allah su rage taron otal su shigo lungu, na san suna da ƙa'idar sai mai rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da asusun banki da rahoton odita, to su taimaka wa ƙananan su yi rajistar mana, ko su koya wa sakatarorinmu yadda ake rubuta lissafi, wannan ma babban taimako ne.

Akwai kuma wani amfanin da ba'a cika faɗa ba. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, Musulmi suka tattara arewacin kogi Kirista suka koma kudu, yau akwai saurayi ɗan shekara ashirin a Tudun Wada da bai taɓa zama ya ci abinci da Kirista ba, akwai irinsa a Sabon Tasha da bai taɓa shiga gidan Musulmi ba, kowa labarin ɗan uwansa yake ji a waya. Mu da muka yi makaranta tare da su kafin a rabu mun san ba haka garin yake ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun nuna tun shekarun 1990 cewa mutanen da suka taɓa ɗaukar makami akan juna zasu iya zama su yi aiki tare. In muka shirya wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga kudancin gari, su zo mu je, a sha ruwa tare a yi musayar lamba, yaran da kansu suke cigaba da zumuncin. Amma kaga in zaka gayyaci baƙi daga tsallaken gada dole ka samu wuri mai katanga da get wanda iyayensu zasu natsu dashi, ba tsakiyar titi ba.

Mu ma 'yan ƙungiyoyi akwai abinda ya rataya a wuyanmu in ana so a yarda damu. Kuɗin jama'a a karanta lissafinsa a gaban kowa duk wata, ko naira ɗari ce. Kada a bari ƙungiya ta zama ta wani ɗan takara, don ranar da aka raba wa yara riga mai hoton wani to rabin iyaye sun janye 'ya'yansu, kuma yaran da muka tara don mu raba su da daba sai a wayi gari an mayar dasu 'yan bangar siyasa, zaɓen 2027 kuma yana tafe. Sannan duk wanda za'a ba amanar yara a san shi a san gidansa, kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, 'yan mata kuma mata ne zasu kula dasu. In gwamnati ta saka waɗannan a cikin sharuɗɗan bada makaranta mu zamu fi kowa murna, don zai tace na gaske daga na bogi.

Malam Edita, roƙona gareku shine ku turo wakilinku ya zagaya unguwannin nan da yamma bayan la'asar, ya ga inda yara suke wasa ya kuma leƙa makarantar da take kusa dasu ya ga filin a kulle, ya tambayi hedimasta ya tambayi mai unguwa ya tambayi iyaye mata, sannan ya je ma'aikatar ilimi ya ji me zai hana. Mai girma Gwamna Uba Sani ya fito ne daga cikin ƙungiyoyin farar hula, ya san irin wannan aikin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba kwangila muke nema ba, ba sabon gini ba, ba albashi ba. A fara gwadawa da makaranta ɗaya ko biyu a kowace ƙaramar hukuma ta cikin gari na zango ɗaya, in an ga ɓarna a rufe, in an ga amfani a faɗaɗa zuwa sauran mazaɓu har Zariya da Kafanchan. Mu a namu ɓangaren sunayenmu da sa hannun mai unguwarmu suna nan a shirye, duk ranar da aka kira mu zamu zo.

Nagode da wannan dama, Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna